Harsashi ya fara watsewa a takardar gwajin harbi, sikof ne ya mutu ko wani abu ne daban?

Ɗan'uwa na karanta bayaninka tun daga farko har ƙarshe, bari in maimaita shi a taƙaice dan mu tabbatar magana ɗaya muke. Bindiga mai sakata ce mai cin harsashi .308, da sikof 3-9x40 a kai, wato madubin hange mai ƙara girma sau 3 zuwa 9, da can harsashi biyar tana tara maka su cikin santimita 3 a mita 100, yanzu kuma sun koma watsewa santimita 10 har 12, wani lokaci biyu su haɗu a wuri ɗaya uku su koma can gefe su ma su haɗu. In ka murɗa kilik ɗin saiti, wato kan da ake juyawa a jikin sikof dan gyara inda harsashi ke sauka, baka ganin canji, sai ka harba biyu ko uku sannan ta yi tsalle ta wuce inda kake so. A ƙarshe kuma kace kafin abin ya fara ka cire ƙotar ka goge ta, ka kuma canza zobban da ke riƙe sikof ɗin saboda tsofaffin sun yi maka tsayi. Tambayarka ita ce sikof ɗin ya mutu ne ka sayi wani ko yaya.

Zai iya yiwuwa ya mutu, ban kore wannan ba, dan maƙalewar kilik sannan ya zo ya yi tsalle alama ce da muka sani ta sikof mai ciwo a ciki. Amma dan Allah kar ka saya tukuna. Layin nan naka na ƙarshe da ka rubuta kamar ba komai ba shi ya fi ɗaukar hankalina a duk bayanin. Bindiga tana lafiya, ka taɓa abu biyu, ta daina lafiya, toh ai daga nan ya kamata a fara bincike. A bindigogin da ake kawo min da irin wannan kukan, mafi yawansu in aka bi a hankali sai a tarar noti ne ko ɗauri ne, sikof ɗin lafiyarsa ƙalau, kuma abin da yafi min ciwo shine mutum ya kashe kuɗinsa ya sayi sabo ya ɗora a kan zobban nan da suka jawo matsalar, bayan kwana biyu sabon ma ya fara yin abin da tsohon ke yi.

Kafin ka taɓa ko noti ɗaya, cire harsashi, cire magazin in mai cirewa ce, zare sakatar gaba ɗaya, ka leƙa gidan harsashi da ido ka kuma sa yatsa ka ji, harsasan kuma ka kai su wani ɗaki daban. Wannan ba wajen gaggawa bane.

Sai ka san abin da ke cikin sikof ɗin sannan zaka gane dalilin da yasa nake zargin zobbanka. Bututun da kake gani a waje gida ne kawai, a cikinsa akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da gilasai, gindinsa a maƙale ta wajen ido, kansa kuma yana iya motsawa sama da ƙasa, hagu da dama. Kan saitin nan guda biyu da kake murɗawa, na sama da na gefe, noti ne masu laushin zare da suke tura ƙaramin bututun, sannan akwai sifirin a ɗaya kusurwar yana tura shi ya manne da su. Shikenan duk aikin. In ka murɗa ta ɓangaren da notin ke shiga ciki, ƙarfen ne da kansa yake tura bututun dole ya tafi. In ka murɗa ta ɓangaren da notin ke ja baya kuwa, sifirin ne kaɗai zai biyo da bututun, kuma in sifirin ya gaji, ko man ciki ya daskare, ko wani abu ya matse bututun daga waje, sai ya tsaya a inda yake yana lilo, babu abin da ya riƙe shi sosai, sai dukan harbi ya girgiza shi sannan ya faɗa mazauninsa. Kaga tsallen da kake gani kenan. Kuma shine yake haifar da tari biyu a takarda, bututun yana da mazauni biyu, wannan harbin ya zauna nan, wancan ya koma can.

Toh me zai matse shi daga waje? Zobba. Bangon bututun sikof aluminiyam ne siriri, kuma mutane da yawa suna ɗaure notin murfin zobe da dukkan ƙarfin hannunsu wai dan kar ya motsa. Yawancin kamfanoni abin da suke cewa 15 zuwa 18 in-lb ne a ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti, wato wajen 2 Nm a ɗaya ma'aunin, wasu zobban suna kai 25, ka duba takardar naka. Wannan ɗauri ne kaɗan sosai, da yatsu biyu a kan gajeren hannun maɓallin alan zaka kai shi. Ka lura kuma in-lb ne ba ft-lb ba, na biyun ya ninka na farkon sau 12, wanda ya rikita su ya gama da sikof ɗinsa. In zaka sayi wani abu a wannan aikin, sukundireba mai awon ƙarfin ɗauri zaka saya, ta fi maka amfani akan sabon sikof a yanzu. Abu na biyu, duba inda zobban suka zauna, in zoben gaba ko na baya ya manne da kumburin tsakiyar nan inda kan saiti yake, ko ya manne da zoben da kake murɗawa daga 3 zuwa 9, matsa shi, bar masa fili ko da milimita 5 ne zuwa sama, dan ɗauri a daidai wajen nan yafi saurin hana kayan ciki motsi. Na uku, zobba biyun su kalli juna a layi ɗaya. In ɗaya ya ɗan karkace, kana ɗaurewa kana lanƙwasa sikof ɗin ne baka sani ba. Cire murfin duka biyu, kwantar da sikof ɗin a cikin rabin zobban na ƙasa, ya kamata ya zauna lumui ya riƙa zamewa gaba da baya yana juyawa ba tare da ya kama ba. In ka ɗaga shi kaga zane mai zurfi ko lotsawa a jikin bututun daidai bakin zobe, toh ka samu shaidarka ta farko.

Kace sabbin zobban sun fi gajarta. Ɗauki takarda ka zura tsakanin babban kan sikof ɗin na gaba da bututun bindiga, da murfinsa a kai in kana barin murfi lokacin harbi. In takardar bata wuce ba, ko ta wuce da ƙyar, sikof ɗin yana taɓa bututu, kuma wannan kaɗai ya isa ya watsa maka harbi, dan bututun bindiga yana kaɗawa ne duk harbi. Duba kuma hannun sakata baya gogar wajen ido in ka ɗaga shi. Ka tabbatar girman zoben ya dace da bututun, akwai inci 1 wato milimita 25.4, akwai milimita 30, akwai 34, kuma akwai tsofaffi na Turai masu 26 da suke kama da inci 1 a ido amma ba ɗaya bane.

Sauka ƙasa zuwa dandamalin da zobban ke zaune a kai. In mai tsaga-tsaga ne irin Picatinny ko Weaver, ka sani tsagar Picatinny ta fi faɗi, milimita 5.23 ce, ta Weaver wajen 4.57, saboda haka zoben Weaver a kan Picatinny yana da ɗan wajen wasa gaba da baya. Maganinsa shine ka tura kowane zobe gaba, wajen bakin bindiga, har ƙarfensa na ƙasa ya daki bangon tsagar sannan ka ɗaure. Dalili kuwa, in aka harba bindiga baya take yi, sikof kuma saboda nauyinsa yana so ya tsaya inda yake, sai ya zama kamar gaba yake zamewa. In ka riga ka jingina shi gaba babu inda zai je. Wannan dalilin ne ma yasa nake cewa kowa ya sa alamar fensir a jikin bututun sikof daidai bakin zobe, bayan harbi goma ka duba, in layin ya ɓace a ƙarƙashin zobe ko ya yi nisa da shi, sikof na zamewa.

Shi kansa dandamalin kar ka yarda da shi dan ka girgiza da hannu baka ji motsi ba, ƙarfin hannunka bai kai dukan .308 ba. Dole ka cire zobban ka kai ga notinansa. Akwai wani abu da yake ɓoyewa mutane sosai a nan, notin da yake can gaba, raminsa a bindigogi da yawa yana sauka ne a kan zaren bututun da aka murɗa cikin gidan sakata. In notin ya ɗan yi tsayi, zai daki zaren ya tsaya cak, kai kaji ya ɗauru tam alhali kansa bai danne dandamalin ba ko kaɗan. Yadda zaka gane, kwance duka, ka ɗaure guda ɗaya tak, ka girgiza dandamalin, in ya yi motsi wannan notin yayi tsayi, sai ka kwance shi ka gwada na gaba, haka har ka gama da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi tsayi a rage shi da zarto mai laushi ko a samo gajere. Goge mai daga ramukan da ƙasan dandamalin tas, ka sa ɗigo ɗaya na Loctite shuɗi, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, mai lamba 242 ko 243, a notinan dandamali kawai. Loctite ja kuwa kar ka kusance shi, sai da wuta yake kwancewa. A notin murfin zobe kuma ni bana sawa, saboda yana sa zaren santsi ka wuce awon ɗauri baka sani ba.

Akwai kuma wata hanyar da sabbin zobba ke sa sikof mai lafiya ya yi kamar mara lafiya. In basu zauna a layin bututun bindiga ba, zaka tarar dole ka murɗa saitin gefe ko na sama kusan ƙarshe kafin ka samu tsakiya, kuma a can ƙarshen ko dai sifirin ya saki da yawa baya riƙe komai, ko ƙaramin bututun ya jingina da bangon babban yana gogawa. Ka tuna kilik nawa ka murɗa bayan ka canza zobban? In da yawa ne sosai, ƙirga. Murɗa a hankali har ƙarshe ɗaya, banda tilastawa in ya tsaya, ka ƙirga zuwa ɗaya ƙarshen, ka raba biyu, nan ne tsakiya. Ko ka manna kan sikof ɗin a jikin madubin fuska a ɗaki mai haske, zoben ƙara girma a lamba 3, zaka ga kuros, wato layukan nan masu giciye da kake saiti da su, ya zama biyu, na gaske da inuwarsa, ka murɗa har su hau kan juna. In saitinka na harbi yayi nisa sosai da wannan tsakiyar, gyaran a zobba da dandamali yake.

Yanzu ƙota, tunda ita ma ka cire ta. Notinan nan biyu na ƙasa da suke haɗa ƙarfen bindiga da ƙota tsayinsu ba ɗaya bane a yawancin bindigogi, ka tabbatar baka musanya su ba, dan na gaba in ya yi tsayi yana leƙowa ciki ya taɓa kunnen sakata. In magazin ɗinka irin na ciki ne, akwatin ƙarfen nan siriri yana da wajen zamansa, kuma wajen mayarwa yana yawan hawa kan baki maimakon ya shiga, sai ka ɗaure noti a kansa, ƙarfen bindigar gaba ɗaya ya zama a kan akwatin yake zaune kamar tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, kowane harbi ya karkata inda ya ga dama. Bayan ka ɗaure, sa yatsa ta sama ka taɓa akwatin, ya kamata ya ɗan yi motsi kaɗan. In ya ƙame ƙam, kwance ka sake zaunar da shi. Wajen ɗaurewa ka tsayar da bindigar a kan gindinta, bakinta sama, notinan a sake, ka ɗan buga gindin a ƙasa a hankali dan harshen ƙarfen nan da ke karɓar duka ya jingina da bangonsa na baya, sannan ka fara da na gaba, ka koma na baya, kaɗan-kaɗan har su kai awo. Ƙotar katako mara ginshiƙin ƙarfe a ciki yawanci wajen 30 zuwa 40 in-lb take so, in ka wuce kana murƙushe katakon ne, mai gadon aluminiyam kuma tana ɗauka har 65, amma littafin bindigarka shi ne alƙali. Da ka gama, bindiga ba harsashi, gwada sakata da sefti da kunama ka tabbatar kowanne yana aikinsa kamar da.

Sai ka zura takarda tsakanin bututu da hancin ƙota ka ja ta har gindi. In bututunka irin wanda aka bari yana shawagi ne, ta wuce ba tangarɗa. Wasu bindigogin da gangan kamfani ya bar ɗan tudu a can ƙarshen ƙota yana tallafe bututu ta ƙasa, wannan ba laifi bane, kar ka kankare shi. Abin da baka so shine ta kama a gefe ɗaya, hagu ko dama. Katako yana shan laima ya kumbura ya murɗe, roba mai arha kuma tana lanƙwasa in ka danna ta a kan abin ɗorawa. Wani gwajin mai sauƙi, ɗora ɗan yatsa a ƙarshen ƙota yana taɓa katako da bututu lokaci ɗaya, wani ya kwance maka notin gaba a hankali, in kaji bututun ya ɗaga ko ya matsa sosai a ƙarƙashin yatsanka, ƙarfen a takure yake cikin ƙotar, aikin maƙerin bindiga ne ya gyara masa mazauni.

In ka gama duk wannan, shi sikof ɗin zaka iya yi masa tambayoyi da yawa ba tare da ka ƙona harsashi ko ɗaya ba. Ɗaure bindigar a kan abin da bazai motsa ba ko kaɗan, manna takarda mai layukan santimita a mita 100. Duba saman kan saitin kaga awon kowane kilik da aka rubuta, in 1/4 MOA ne, kilik ɗaya wajen milimita 7 ne a mita 100, kilik 20 kenan zasu baka santimita 14 da rabi. In 0.1 MRAD ne, kilik ɗaya santimita 1 ne cif. Sa idonka a ciki, wani ya riƙa murɗawa yana ƙirgawa. Kuros ɗin zaka ga yana tafiya kishiyar abin da aka rubuta, an murɗa sama shi ya yi ƙasa, haka yake kar ya ruɗa ka. Abin da kake nema shine ya motsa da kowane kilik, ya kai inda lissafi ya ce, in an dawo ya koma daidai ɗigon da ya baro. In an yi kilik huɗu biyar yana tsaye sannan ya zabura, ka lura ta wane ɓangare yake yin hakan, in ta ɓangaren da noti ke ja baya ne kawai, sifirin ne ko matsi. Toh ga wajen da zaka raba gardama, sassauta murfin zobban ka sake gwadawa. In ya warware yana tafiya sumul, zobba ne suka shaƙe shi. In har yanzu yana maƙalewa da zobba a sake, ciwon a cikinsa yake.

Kana nan a wajen, a ɗan bubbuga jikin sikof ɗin da tafin hannu ko hannun sukundireba na roba, ta sama da ta gefe, kaga ko kuros zai bar wurinsa ya ƙi dawowa. Murɗa daga 3 zuwa 9 ka dawo, tsakiyar kuros ɗin ya kamata ya tsaya a kan ɗigon. Sannan ka cire hannu daga bindigar ka motsa idonka sama da ƙasa a bayan gilashin, in kuros yana yawo a kan takardar wannan shine faralaks. Irin sikof ɗinka mara wajen gyara shi yawanci daga kamfani an saita shi a yadi 100 ne, wajen mita 91, saboda haka a mita 100 kusan babu abin da zaka gani, kuma ko akwai bazai taɓa baka santimita 12 ba. In kaga yana yawo sosai a wannan nisan, wani gilashi ya kwance a ciki, sai dai in sikof ɗin asalinsa na ƙaramar bindiga .22 ne, waɗanda ake saitawa a wajen yadi 50. Cire shi ka girgiza kusa da kunne, ƙarar wani abu na rawa, hazo ta ciki, ko kuros da ya karkace alhali kan saitin a miƙe yake, duk waɗannan babu sauran magana.

Amma fa akwai sikof da zai ci duk jarabawar nan a kan tebur kuma ya faɗi a wajen harbi, dan dukan hannu ba dukan albarushi bane. Shi yasa gwajin da na fi yarda da shi har gobe shine musanya. Ari sikof ɗin da aka tabbatar da lafiyarsa a kan wata bindiga mai duka irin taka ko fiye, ɗora shi, harba da harsashin nan dai da ka saba. In tarin ya dawo santimita 3, ka gama. In kana so ka ƙara tabbatarwa ka ɗora naka a kan bindigar mai shi kaga ko ciwon zai bi shi can. Sharaɗin kawai shine abu ɗaya zaka canza a lokaci ɗaya. Ka fara gyara ɗauri ka harba da tsohon sikof, sai in bata gyaru ba ka musanya. In ka gyara noti ka canza sikof ka canza harsashi ka wanke bututu duk rana ɗaya, ko ta gyaru baka san me ya gyara ta ba, kuma zaka jefar da sikof mai lafiya.

Ranar da zaka je filin harbi, ka tafi da buhunan yashi biyu, ɗaya ƙarƙashin hancin ƙota ɗaya ƙarƙashin gindi. Bututu kar ya taɓa komai. Ka kula da ɗan ƙarfen nan da ake maƙala igiyar rataya, in yana kama buhu lokacin da bindiga ta ja baya zai jefa maka harbi sama ko ƙasa. Zaɓi lokacin da iska ta kwanta, duk da iska mai gudun kilomita 16 a awa daga gefe wajen santimita 2 kawai take ture .308 a mita 100, bata isa ta zama ita ce matsalarka ba. Harba biyar biyar, ka bar harbin uku-uku, dan uku suna iya haɗuwa da sa'a kawai, a lissafi ma bindiga ɗaya harsashi ɗaya, tarin biyar yana fin na uku faɗi da wajen kwata, na goma ya ƙara fin na biyar da wajen kwata. Kuma abin da kusan kowa ke mantawa, rubuta lambar kowane harbi, ka leƙa bayan kowanne ka zana a ƙaramar takarda, na ɗaya nan, na biyu nan. Jerin yana magana fiye da faɗin. In na ɗaya da na biyu suna tare sannan sauran suka riƙa hawa layi ɗaya suna nisa, zafi ne, siririn bututun farauta yana zafi da wuri yana taɓa wani abu, bashi minti biyu uku tsakanin harbi kaga bambanci. In kuma na ɗaya hagu, na biyu dama, na uku dama, na huɗu ya koma hagu daidai kusa da na ɗaya, wannan abu ne mai mazauni biyu, ko cikin sikof, ko dandamali, ko ƙota. Watsewa ta ko'ina babu tsari kuma ta fi nuna harsashi, bututu ko mai harbin.

Kar kaji haushi na ambaci mai harbi, duk wanda bindiga ta fara bashi kunya jikinsa yana ɗaurewa ya fara fizgar kunama bai sani ba, sai matsala ɗaya ta zama biyu. Ka sa wani ya riƙa loda maka yana cakuɗa da harsashin gwaji mara albarushi ba tare da ka san wanne bane, in ka ja a kan mara albarushi kaga bakin bindiga ya yi ƙasa, ka gani da idonka. Ka ba wani gwani ma ya harba biyar.

Bututu da harsashi na barsu ƙarshe saboda basu cika lalacewa dare ɗaya ba, kuma basa sa kilik ya maƙale. Duk da haka tunda ka yi goge-goge, duba bakin bututun da gilashin ƙara girma, gefen nan na ƙarshe inda harsashi ke rabuwa da shi dole ya zama zagaye tsaf, in sandar wanki ta ci gefe ɗaya ko ya daki dutse, iskar albarushi zata fita ta gefe ta ture gindin harsashin. Zagaya auduga a bakin, in ta kama zare akwai tsini. Wanki ta bayan bututu ake yi, ta wajen sakata. In ƙyallen yana fitowa shuɗi ko kore da maganin wanki, jan ƙarfe ne ya taru, ci gaba har ya daina, ka busar da mai tas daga bututu da gidan harsashi, kuma kar ka ƙirga harbi biyu ukun farko bayan wanki. In akwai wani abu da aka murɗa a bakin bindigar, taɓa shi kaji ko ya kwance. Harsashi kuma duba kwalin, nauyin ɗaya ne da na da, 150 ko 168 ko 180 giren, wato ma'aunin nauyin harsashi, lambar rukunin ma ɗaya ce? Ramukan takarda zagaye suke ko sun yi tsayi kamar harsashin ya shiga a karkace? In kana son ma'auni, Federal Gold Medal Match mai giren 168 shi mutane da yawa ke gwada .308 da shi, dan da wuya ka samu lafiyayyar bindiga da ta ƙi shi.

In bincike ya tsaya a kan sikof ɗin, kar ka buɗe shi da kanka, an cika shi da iskar naitirojin ko agon an rufe dan kar ya yi hazo, kana buɗewa ka ɓata wannan ka kuma ɓata garantinka. Kamfanoni irin su Leupold da Vortex suna bada garanti na tsawon rayuwar kayan, wasu kuma na shekaru ne, duba naka ka nemi lambar da ke jikinsa, dan akwai jabu masu ɗauke da manyan sunaye kuma su babu mai karɓarsu. Ka haɗa da hoton takardun da ka harba masu lamba, ka rubuta musu a gajarce cewa kilik yana maƙalewa ta ɓangare kaza, kuma da aka ɗora wani sikof a kan bindigar da zobban nan tarin ya dawo daidai. Kafin ya dawo ka ci gaba da na aron, kuma duk wanda zaka ɗora, fara da zare sakata ka leƙa ta cikin bututu ka daidaita kuros da abin da kake gani a mita 25, ka harba ɗaya a nan ka gyara, sannan ka koma mita 100.